Direban da Ya Haddace Ramuka

Daga filin lodi, bakin teku
Ranar Litinin

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yan matanki biyu da duk wanda ke gidan. Yaya ƙafar taki? Kina dai shafa man, ko kin sake cewa ta warke don kin gaji da warinsa? Yaya karatun yara? Ni nan lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa kin san ta daɗe da zama 'yar gida.

Na san za ki yi mamaki. Mutumin da ke da waya a aljihu, wanda rabonsa da ya rubuta miki wasiƙa tun kina gidanku, yau ga shi da takarda. Dalili biyu ne. Na farko, a filin nan babu sirri. In ka yi tari a bayan tirela, kafin ka zagayo an ce ka kwanta asibiti. Na biyu kuma ke ce. Kina da kirki, Allah ya sani, amma ba a ƙarasa magana a gabanki. Da na buɗe baki za ki ce ai kin faɗa, daga nan sai dai in yi ta cewa to. Takarda kuwa ba a katse ta. Ki zauna ki karanta har ƙarshe, sannan ki yi faɗan.

Idona ne, Maman 'Yan Biyu. Ya fi shekara yana raguwa. Ba duhu nake gani ba. Abin da ke gabana sosai ina ganinsa tsaf, har lambar motar da nake bi ina karantawa. Gefe ne ya tafi. Ki ɗauki guntun bututun ruwa ki kara a ido ki leƙa. Abin da ke bakin bututun nan shi ne rabona, sauran kuwa sai na juya kai gaba ɗaya.

Wata uku da suka wuce na je asibitin ido a nan, lokacin da muke jiran jirgi ya sauke kaya. Likitar ta haska, ta auna, ta sake aunawa. Ta ce ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi yana danne jijiya, abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma in ina ɗiga magani safe da yamma za a iya riƙe saura. Da ta tambayi sana'ata, na ce ɗan kasuwa ne. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Ina jin ba ni ne ɗan kasuwa na farko da ya zo mata da kantar sitiyari a tafin hannu ba.

Yanzu sai ki yafe mini abubuwa. Farantin da na taka a tsakar gida na ce wa ke ajiye kaya a kan hanya, ba a kan hanya yake ba, kuma na sani. Ranar da ƙaramar ta tsaya a gefena da kofin ruwa har hannunta ya gaji, ta koma ɗaki tana cewa Baba fushi yake da ita, wallahi ban san tana wurin ba. Ki gaya mata, amma kada ki gaya mata dalili tukuna.

Za ki ce to da me nake tuƙi duk tsawon lokacin nan. Da baya nake tuƙi, da cinya, da kunne. Shekara talatin da ɗaya ina bin tsohuwar hanya daga teku zuwa kan iyaka. Babu ramin da ban san ranar da aka haife shi ba. In kujera ta jefa ni sau biyu ta hagu, na san kasuwar da ake tsallaka titi da awaki ta kusa, sai in sauke giya. In gargada ta fara kaɗa mini haƙora, makarantar firamare ce a gaba, sai in danna hon tun daga nesa. Kuma a waccan hanya kowa kunkuru ne, ba ni kaɗai ba. Babu mai gudun da zai fito maka ta gefe ba ka ji shi ba.

To, an gama sabuwar hanya. An buɗe ta tun daga nan har ƙetaren iyaka, an kuma rufe tsohuwar gada ga manyan motoci. Mai mota ya tara mu ya ce daga wannan lodin kowa sabuwa zai bi. Direbobi suna ta murna. Ni ma na yi dariya tare da su, don babu wanda ya kai ni zagin tsohuwar hanya da roƙon Allah ya kawo mai gyara ta. Ga shi an gyara, ni kuma ban san ko taku ɗaya a cikinta ba.

Abokina Dogo, wanda muke tuƙi wa mai mota ɗaya, shi kaɗai na gaya wa. Da farko na zaci zai tashi ya tafi wurin mai mota. Daga baya ya ce tun muna yaran mota muke tare, ba yau zai bar ni a hanya ba. Ya samo farin buhu ya ɗaure a tsakiyar tamfol ɗinsa ta baya. Shi zai shiga gaba, ni in kafa ido a kan buhun. Taki muka ɗauka mu biyun, wuri ɗaya za mu kai. Jibi za mu tashi in Allah ya yarda.

Kada kowa ya ji, ko yayarki. Musamman ma yayarki. Ki gaishe da yara da maƙwabta.

Mijinki,
Kunkuru

*

Daga wurin hutun manyan motoci
Ranar Juma'a

Maman 'Yan Biyu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, kuma zuciyarki ta ɗan sauka. Yaya yara? Yaya ƙafa? Na ji a muryarki kin yi kuka kafin ki kira, ko da yake kin ce mura ce.

Na saurari duk abin da kika faɗa a waya, ban katse ki ba, ki shaida. Kin ce in ajiye makulli in hau motar haya in dawo gida. Kin ce gara miji makaho a tsakar gida da miji mai ido a makara. Kin kuma ce ba raina kaɗai ke kan titi ba, akwai na 'ya'yan mutane. Wannan ta ƙarshen ita ta hana ni cin abinci. Ban ba ki amsa ba don mutane na kusa, shi ya sa na sake ɗaukar biro.

Shekara ɗaya ta rage wa yaran nan su gama makaranta. Ita kaɗai nake roƙo. In na sauka yau, me zan yi? Ban iya awo ba, ban iya noma ba, ko ƙusa na buga a gida sai kin kira kafinta ya gyara. Direban da aka ce ba ya gani, ko gadin gareji ba za a ba shi ba. Sannan akwai wata magana da nake jin kunyar faɗa. Ina so in bi hanyar nan. Na ci ƙurar aikinta shekara shida, na kwana a layi saboda katafilolinta, na ga ranar da aka kafa turken farko. A ce ranar da aka gama ta ita ce ranar da na gama? Raina bai ba ni ba.

Bari in ba ki labarinta, tunda ba ki taɓa hawa ba. Layi biyu zuwa, layi biyu dawowa, da katangar siminti a tsakiya. Santsi kamar an goge ta da dutsen guga. Mota ba ta kuka, kujera ba ta motsi, har na riƙa taɓa giya don in tabbatar tafiya nake. Bayana da ya saba gaya mini inda nake ya yi tsit. Sai alluna manya-manya a gefe, kore da shuɗi, waɗanda aka rubuta domin masu ido. Ƙananan motoci kuwa ba ka jin zuwansu, sai dai iska ta bugi ƙofa, ka ga abu ya faɗo cikin bututunka daga babu.

Ni da Dogo mun tsara yarenmu. In ya kunna sigina ta dama sau biyu ya kashe, akwai abu a gefen dama, mai babur ko mai tafiya a ƙasa. In ya taɓa birki sau uku, danja ta yi ƙifta-ƙifta, za a shiga kwana ko mararraba. Ni dai buhu nake bi. Tun safe har la'asar farin buhu, har in na rufe ido a wurin hutu shi nake gani. Wuyana ya sage don rashin juyawa. Dogo kuma, mutumin da ba ya iya tafiya a bayan kowa, ya koma tafiyar kunkuru saboda ni, yara sabbin direbobi suna wuce shi suna masa hon na tsiya. Abin da ya ce kawai, in mun isa ni zan sayi shayi har ƙarshen rayuwata.

Jiya da hantsi muka wuce garinmu. Ban sani ba sai da muka tsaya Dogo ya gaya mini. Hanyar ba ta shiga gari, ta bayan gonaki ta zaga. A ce na wuce ke da yara da tazarar da ba ta kai tafiyar rabin awa a ƙasa ba, ban ko ji a jikina ba. Da, tun daga karyayyen kwalbatin nan na shigowa gari nake fara jin ƙanshin gida.

Na haɗu da mai facin tsohuwar gada. Kin tuna shi, wanda ya taɓa kawo miki saƙo da keke? Ya taso da injinsa ya kafa rumfa a bakin sabuwar hanya, aka tashe shi, ya matsa gaba, aka sake tashinsa. Yanzu yana bayan shingen waya a wajen wurin hutun nan, yana leƙen tayoyi. Ya ce kwana tara bai yi faci ko ɗaya ba, titin ba ya cin taya. Ya ce mai shayin gada da matar da ke dafa mana abinci suna can suna kallon hanya, sai jaki sai keke. A nan kuwa gidajen mai sababbi, ɗakunan ajiyar kaya, wurin wanka da famfo, har da masallaci mai tayil. Abu ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, in ji mai faci, sannan ya tambaye ni ko ya ƙara mini iska ko don zumunci.

Yanzu ga roƙona. Maganin da ke hannuna ya kusa ƙarewa. Akwai kwalba ta biyu a aljihun ciki na tsohuwar rigar sanyina, wadda ke rataye bayan ƙofa. Nan na ɓoye ta, don na san ba kya taɓa rigar sai dai ki yi mata tsaki. In za mu dawo zan gaya miki rana, ki kawo mini ita mararrabar da sabuwar hanya ta haɗu da titin garinmu. Akwai ɗan fili a wurin da mota za ta iya tsayawa minti biyar. In gan ki, ki gan ni, ki yi mini faɗan ido da ido.

Ki gaishe da babba da ƙarama. Ki ce su dage.

Naki,
Kunkuru

*

Daga wurin hutu na farko bayan kan iyaka
Ranar Talata

Maman 'Yan Biyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, ke da yara. Na gode da kika nemo kwalbar, na kuma ji saƙonki cewa rigar ta tafi bola. Allah ya ji ƙanta, ta yi mini hidima.

Mun kai takin lafiya, mun sauke, an yi mana lodin auduga. Sai dai an raba ni da Dogo, kuma gara ki ji daga gare ni.

Kin san yadda kan iyaka yake a da, na sha ba ki labari. Rumfa, sanda a gicciye, da jami'in da ya san kowa da sunan tsokanarsa. Mu kwana uku, mu kwana biyar, muna zagi muna shan shayi, amma in za a sake mu, sai ka ce ni da wane tafiyarmu ɗaya, a sake ku tare. Yanzu an yi wani gini mai gilashi, jami'an ƙasashen biyu suna zaune a ɗaki ɗaya. Mota takan bi ta cikin wata na'ura mai leƙa kaya ba tare da an kwance tamfol ba. In ka fito, fitila za ta nuna maka layi. Kore, ka wuce. Ja, ka shiga fili a sauke kayanka a duba buhu-buhu.

Dogo ya shiga gabana, aka ba shi ja. Ni aka ba ni kore. Abin da na shekara talatin ina mafarki, in ƙetare iyaka kafin shayina ya huce, yau ya same ni, na tsaya ina roƙon a mayar da ni layin masu laifi. Na je wurin jami'in na ce tare muke da wancan dogon. Yaro ne mai ladabi, har da ce mini Baba. Ya ce ba shi ke zaɓa ba, na'ura ce, kuma mai kore ba ya wuce awa ɗaya a fili, don akwai motoci ɗari a baya. Na ce to a duba nawa kayan ma. Ya yi dariya, ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa ganin wanda ya nemi haka ba.

Dogo ya biyo ni har bakin mota. Ya ce layin ja ya kai kwana huɗu, in fita in sami wuri in jira shi. To ina? Ba a tsayawa a kafaɗar sabuwar hanya, masu sintiri za su ja motar. Wurin hutu kuma dare ɗaya ake yarda ka yi. Ga wata 'yar na'ura da mai mota ya sa a ƙarƙashin kujera, yana zaune a ofis yana ganin inda kowace mota take a wayarsa. Ban kai awa biyu a nan ba ya kira yana tambaya ko lafiya, masu audugar suna jira, jirgi ba ya jiran kowa. Na ce lafiya lau, ciki ne ya ɗan murɗa. In na ce Dogo nake jira, zai ce don me, ni kuma ba ni da amsar da ba za ta ƙare da makulli a hannunsa ba.

Daga iyaka zuwa nan ni kaɗai na zo, tafiyar awa ɗaya da rabi. Na sami dabara. Akwai farin layi da aka ja a gefen titi, shi na riƙe a madadin buhu. Na tsaya a layin dama, ban wuce kowa ba, ban bar layin ba. Na iso lafiya, sai dai rigata kamar an tsamo ta daga rijiya, kuma da na sauko sai da na dafa taya. Na gaji, Maman 'Yan Biyu. Ba irin gajiyar da barci ke magani ba. Da can in na sauka daga mota jikina ne ke ciwo, raina fes. Yanzu jikin lafiya lau, ran ne ke tsami.

Amma kada ki tayar da hankalinki. Rana kaɗai zan yi tafiya, kuma a hankali, ai ba a banza aka sa mini sunan nan ba. Gobe zan yi yini ɗaya, in kwana a wurin hutun da ke kafin garinmu. Alhamis da hantsi ina mararraba. Za ki ce yaya zan gane wurin ba Dogo. Haba dai. Ko an ɗaure mini ido na san ƙofar garinmu. Shekara talatin ƙafata tana sauka kan birki da kanta a wurin nan, ba ta taɓa neman izinina ba.

Ki tsaya inda zan gan ki. Ba sai kin zo da yara ba, kada su rasa darasi. Mai bas ɗin da zai kawo miki wannan takarda mutumin kirki ne, ki ba shi ruwa.

Mijinki,
Kunkuru

*

Daga wani gidan mai, gaba da garinmu
Alhamis da la'asar

Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa gida lafiya. Na san kin isa, don na kira babbar ta gaya mini kin dawo kin shiga ɗaki kin rufe ƙofa. Na ga kiranki goma sha ɗaya a waya. Tana cikin jaka lokacin, kin san ba na taɓa ta in ina tuƙi. Da na gani kuma na kasa kira. Ki yi haƙuri da takarda, wannan ce ta ƙarshe.

Na tashi da sassafe kamar yadda na ce. Na riƙe farin layina. Tun da rana ta ɗaga nake sauraron jikina, ina jiran gangaren nan da ke kafin gari, sannan bugun karyayyen kwalbati, wanda kan sa kofin shayina ya yi tsalle. Na san sabuwar hanya ce. Da bakina na gaya miki ta bayan gonaki ta zaga. Amma kai ne ya sani, ƙafa ba ta sani ba, ni kuma ƙafar na amince wa. Na yi ta jira. Na ce yanzu, na ce saura kaɗan. Titi shiru, kujera shiru. Da na ga rana ta take tsaka ban ji komai ba, sai gabana ya faɗi. Na shigo gidan man nan na tambayi mai zuba mai ina ne nan. Ya faɗa mini. Na wuce ki da tafiyar awa ɗaya da wani abu.

Ina zaune a matakalar mota ina tunanin yadda zan ba ki haƙuri, har ina shirya abin dariyar da zan faɗa, sai wata tankar mai ta shigo ta tsaya kusa da ni. Direban ya sauko ya nufo ni. Ban san shi ba, ba zai wuce shekara arba'in ba. Ya ce tun safe yake bayana, don shi ma ba ya gudu da kaya irin nasa. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya tambaya ko ina da rigima da wata mata a mararrabar baya.

Na ce wace mata.

Ya ce wata ce da shuɗin mayafi da leda a hannu. Tun daga nesa take ɗaga hannu. Da ta ga ban rage gudu ba ta ɗaga duka biyun, ta sauko daga dakalin ta tako kan kwalta. Ya ce shi har ya danna hon, ya taka birki, don ya ɗauka an gama.

"Baba, madubinka da kanta bai fi taƙi ɗaya ba. Iskar motarka sai da ta cire mata mayafi. Ko kai ba ka juya ba."

Ya ce ta madubinsa ya ga kin bi motar da ɗingishi 'yan taku, sannan kin tsaya kin dafa gwiwa.

Maman 'Yan Biyu, ban gan ki ba. Ba wai na gan ki a makare ba, ko na ga wani abu ban gane ba. Babu komai a wurin. Farin layi ne kawai, shi nake kallo, kuma har zuciyata ina ganin tuƙi nake mai kyau. Shekara ashirin da shida da aure, ko a cikin taron biki ina gane ki ta tafiyarki. Yau kin tsaya da hannu biyu a sama, da rana tsaka, taƙi ɗaya da ƙarfen motata. Hon ɗin mai tanka ma na ji shi, na ce wani mai gaggawa ne. In da taƙin nan bai kasance ba, da na iso gidan man nan na sayi ruwa na sha, ina shirya miki abin dariya.

Na kira mai mota. Ban yi kwana-kwana ba, na gaya masa komai, har da farin buhu, sai dai na ce ni na matsa wa Dogo, kada a taɓa shi. Mai motar ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce shekara nawa muna tare, me ya sa ban faɗa ba tun farko. Na ce tsoron wannan wayar nake. Ya ce in kulle mota in zauna, zai turo direba gobe da yamma. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na kira Dogo ma, har yanzu yana layin ja. Na ce ya kwance buhunsa. Ya ce to, sannan ya ce layin ba shi da kyau, ya kashe.

Na share cikin motar, na kwashe tabarmata da butata da kofin. Duk abin da na tara a cikinta bai cika buhu ɗaya ba. Maganar shekarar da ta rage wa yara, ban san yadda za a yi ba, kuma yau ba ni da ƙarfin tunaninta. Za mu zauna, ke ki faɗa, ni in ce to. Ki gaya musu gaskiya yanzu, musamman ƙaramar.

In na miƙa makulli gobe, zan kwana a nan, Asabar da safe in hau bas. Na roƙi mai bas ɗin da zai kawo miki wannan ya ajiye mini kujera, kuma ya gaya mini in mun iso, don ni ba zan sani ba. A mararraba zai sauke ni. Na san ƙafarki, na san abin da na sa ki yau, amma ina roƙo ki sake zuwa. Ki tsaya can baya, nesa da kwalta, bayan dakalin. In kin ga na sauko ina juye-juye da buhu a kafaɗa, kada ki ɗaga mini hannu. Ki kira ni da ƙarfi, ki yi ta kira har in juyo.

Mijinki,
Kunkuru